Tashoshin Jirgin Ƙasa Biyu Na Mombasa

A ƙarshen shekarar 2024 hidimar gida ta kai ni Kenya. Ɗan yayana ne ya kammala karatu a Nairobi, mahaifinsa kuma ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai aka ce in je in wakilci dangi. Tun kafin in tashi na ƙudurta a raina cewa idan an watse daga bikin ba zan juyo ba sai na leƙa Mombasa, kuma a jirgin ƙasa. Ni ɗan gidan reluwe ne. A kwatas ɗin ma'aikata na Zariya na yi wayo, da kukan jirgi muke sanin lokaci, shi ya sa har yau duk garin da na sauka tasharsa nake fara tambaya.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, muka wuce Nairobi. A lokacin Kenya ta soke biza ta kawo wani izinin shiga da ake nema ta intanet tun daga gida, na biya dala 30 da 'yan kai. Daga baya an sassauta wa 'yan Afirka, don haka mai niyya ya bincika kafin ya biya. Jami'in shige da fice ya duba fasfo da takardar izinin, ya tambayi masaukina da ranar komawa, wata ma'aikaciyar lafiya ta duba katin allurar shawara, aka buga mini hatimi. Na sauka a Eastleigh, unguwar Somaliyawa, inda kiran salla yake shigo maka har ɗaki, nama kuma ba sai ka tambayi wa ya yanka ba. Nairobi a kan tudu take, sanyin asubarta sai da ya sa na sayi rigar sanyi.

Maganar tikiti yaron ne ya ɗauke mini. A Kenya kusan komai da M-Pesa ake biya, wato kuɗin da ke cikin layin waya, jirgin ma haka. Ya shigar da sunana da lambar fasfo, ya zaɓi rana, ya biya, saƙo ya shigo da lambar shaida. Jirgin sunansa Madaraka Express, sau uku yake tashi a rana daga kowane ɓangare: na ƙarfe 8 na safe mai tsayawa a tashoshin hanya, na ƙarfe 3 na rana mai zarcewa, da na ƙarfe 10 na dare. Kujerar gama-gari shilin 1,500, wajen dala 12 ke nan a canjin lokacin, ta manya kuma 4,500. Kafin Janairun 2024 kuɗin 1,000 ne da 3,000. Na ce a sayo mini na safe, na gama-gari, domin ina so in ga ƙasar da ido, in kuma zauna cikin mutane.

Ana gobe tafiya muka shiga gidan tarihin reluwe da ke kusa da tsohuwar tashar Nairobi. A nan na gane cewa hanyar da zan bi daga ƙarshe zan faro ta, domin tushen dogon yana Mombasa. Turawan Ingila ba don Kenya suka shimfiɗa shi ba, Uganda suke hange, da tafkin Victoria da mafarin kogin Nilu, shi ya sa asalin sunansa layin Uganda. Ranar 30 ga Mayun 1896 aka kafa ƙarfen farko a tsibirin Mombasa. A 1899 ya iso wata fadama mai ruwan sanyi inda Masai ke shayar da shanu, aka kafa sansanin ma'aikata, sansanin nan shi ne Nairobi ta yau. A Disambar 1901 ya kai Kisumu a bakin tafki, tafiyar fiye da kilomita 900. Leburori wajen 32,000 aka kwaso daga Indiya, kusan 2,500 a nan ƙasa ta rufe idonsu, wajen 6,700 kuma suka zauna ba su koma ba. Kuɗin ya haura fam miliyan 5, har wasu 'yan majalisar Ingila suna kiran aikin da hauka. A filin gidan tarihin akwai manyan kawunan jirgi masu tururi da aka kawo a shekarun 1950. Na tsaya gefen ɗaya na dafa ƙarfensa, na leƙa wurin tsayuwar direba da mai hura wuta, ɗan lungu ne da ba ya ɗaukar mutum huɗu, a ciki suke wuni cikin zafi suna jan kaya daga bakin teku zuwa kan tudu.

Sabuwar tashar Nairobi tana Syokimau, can bayan gari wajen filin jirgin sama. An ce a zo da awa guda kafin tashi, da na je na ga dalili. Tun kafin ka shiga harabar ake tsayar da ku a ƙarƙashin wata rumfa, maza layi daban mata daban. Kowa ya ajiye jakarsa a ƙasa a jere, ya ja da baya. Sai jami'i ya zo da kare, ya bi da shi kan jakunkunan yana shinshinawa, ya kai ƙarshe ya dawo. Da na hango abin da ake yi sai na zuge jakata na ciro Alƙur'ani da dadduma na riƙe a hannu. Jami'in ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya gyaɗa kai ya wuce. Daga nan sai na'urar duba kaya, sai lalube, sai wurin injinan buga tikiti, sai mai gwada sunan tikiti da na fasfo, sai kuma wata na'urar. Na ga an karɓe wa wata mata wuƙar yanka 'ya'yan itace, an hana wani saurayi shiga da kwalbar giya. Ban ji haushin ko ɗaya ba. Mutanen nan sun ga harin kantin Westgate a 2013, sun ga na jami'ar Garissa a 2015. Mu kuma ba mu manta daren 28 ga Maris na 2022 ba, lokacin da aka dasa wa jirgin Abuja zuwa Kaduna bam, aka kashe mutane, aka kora wasu daji suka yi watanni. Wanda ya san wannan, ko sau goma aka ce ya ajiye jaka zai ajiye.

Ƙarfe 8 na bugawa jirgi ya motsa. Kujerun gama-gari suna fuskantar juna, uku a gefe guda biyu a ɗaya gefen, da ɗan tebur a jikin taga. Taragon fes, ma'aikata cikin kayan aiki suna tura keken shayi da soyayyen fanke, wani allo a saman ƙofa yana nuna gudun jirgi, na ga yana wasa tsakanin 100 da 115. Ba mu yi nisa ba muka fara hango jakunan dawa da raƙuman dawa a filin Athi, yara suka yi caa a taga.

Wanda ke fuskantata wani dattijo ne mai farin gemu da hular saƙa irin ta mutanen gaɓar teku. Na yi masa sallama, ya amsa har da cikon ta, ya dubi babbar rigata ya ce, “Najeriya?” Na ce Kano. Mzee na riƙa ce masa, yadda na ji matasan wurin suna kiran dattawa. Ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne, haka ma mahaifinsa. Da ya ji ni ma ɗan gida ne sai hira ta ɓarke, matarsa ta kwance ƙunshin mahamri, wani fanke mai madarar kwakwa da ƙamshi, ta turo mini.

Shi ya riƙa nuna mini tsohon dogo. Yana nan gefenmu kusan duk tafiyar, siriri, faɗinsa mita ɗaya, yana lanƙwasa yana zagaye kowane tudu, alhali namu sabon ya miƙe sak a kan tudun ƙasa da gadoji. Nan da can sai ka hango 'yar tsohuwar tasha, rufin kwano ya yi tsatsa, tankin ruwa a tsaye ba kowa. Mzee yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a zamaninsu jirgin fasinja ƙarfe 7 na yamma yake tashi, ya kwana a hanya. “Ɗana, da ka ga taragon cin abinci. Farin ƙyalle a kan tebur, ma'aikaci ya bi taragai yana kaɗa ƙararrawa, kafin ka dawo an shimfiɗa maka gado. Gari na wayewa sai ka ji warin teku, jirgi ya tsallaka ruwan Makupa ya shiga tsibiri ya ajiye ka a tsakiyar gari. Da ƙafa nake ƙarasawa gida.” Ya ce lalacewa ta fara ne bayan 1977, da ƙungiyar Gabashin Afirka ta watse, Kenya da Uganda da Tanzaniya kowa ya ja rabonsa na hukumar da suke tarayya a kai. Gyara ya yi ƙaranci, kaya suka koma kan titi. A 2006 aka ba wa kamfani mai zaman kansa jingina, abin bai tashi ba. Tafiyar dare ɗaya ta koma ta kwana da wuni. A Afrilun 2017 tsohon jirgin fasinja ya yi zuwansa na ƙarshe.

Emali da Kibwezi muka wuce su cikin itatuwan kuka da gonakin wani tsiro mai kama da kabar giwa da ake igiya da shi. Bayan Mtito Andei muka shiga gandun dajin Tsavo. Ƙasar ja ce wur, giwayen ma jajaye, saboda da ita suke wanka. Na ga garke guda da 'yan ƙananansu suna bi ta ƙarƙashin gadar jirgin, domin an ɗaga dogon a wurare an bar wa namun daji hanya. Da muka hau doguwar gadar kogin Tsavo, mai kusan kilomita 2, Mzee ya nuna ƙasa ya ce a nan aka yi ta. A 1898 ana gina tsohuwar gada, zakuna biyu marasa geza suka addabi sansanin leburori, suna shiga tanti da dare suna jan mutum. Wata tara ana wannan fama, har aiki ya tsaya, ma'aikata suka gudu, kafin injiniyan gadar, John Henry Patterson, ya harbe su a watan Disamba. Shi ya ce mutum 135 suka ci. Binciken da masana suka yi daga baya a kan gashi da ƙashin zakunan ya nuna wajen 35. Fatunsu suna wani gidan tarihi a Chicago ta Amurka. Mzee ya ce, “Sunan Bature kowa ya sani, zakunan ma ana biyan kuɗi a kalle su. Waɗanda aka cinye fa, wa ya riƙe sunansu?” Zancen ya tsaya mini a rai. Ban da zaki akwai zazzaɓi da atini, akwai ƙudan tsando da ya ƙarar da dabbobin dako, sannan bayan Voi akwai dajin Taru, ƙaya ce zalla ba ruwa, inda sai da aka riƙa yi wa ma'aikata jigilar ruwan sha a jirgi daga baya. Mu mun ratsa shi cikin sanyin na'ura muna shan shayi.

Daga Mariakani itatuwan kwakwa suka fara bayyana. Wajen ƙarfe 2 muka tsaya, kilomita 470 da 'yan kai cikin awa shida. Ƙofa na buɗewa zafi ya rungume ni, ba irin namu na bazara mai busar da leɓe ba, wannan mai laima ne, kafin ka kai matakala riga ta manne a baya.

Tashar kuwa ta isa a tsaya a kalle ta. A Miritini take. An yi ta zagaye a kan zagaye da dogon hasumiya a tsakiya, wai siffar ruwa ce idan ɗigo ya faɗa cikinsa. Daga dandamalin jirgi kan gada ake hawa a ratso zuwa ginin. Akwai zauren sayar da tikiti da injinan bugawa, zauren jira na gama-gari da na manya, kantunan abinci da ruwa, banɗaki mai tsabta, da ma'aikatan da ke taimaka wa tsofaffi da masu keken guragu. Ana sanarwa da Suwahili da Turanci. A harabar na ci karo da mutum-mutumin wani Basine, Zheng He, shugaban jiragen ruwan sarkin Sin da ya zo gaɓar nan a farkon ƙarni na 15, wanda a gidan Musulmi aka haife shi. Ba a banza aka kafa shi ba. Kamfanin Sin, China Road and Bridge Corporation, shi ya yi aikin, bankin Exim na Sin ya ba da bashin kusan kashi 90 na kuɗin, wato na shilin biliyan 327, dala biliyan 3 da ɗoriya. Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙaddamar da jirgin daga wannan tasha ranar 31 ga Mayun 2017, jajibirin ranar Madaraka, ranar da Kenya ta sami mulkin kai na cikin gida a 1963.

Amma da ka fito ƙofa sai ka ga ba ka iso Mombasa ba. Gari yana kan tsibiri, fiye da kilomita 10 daga nan. Jirgi guda ya juye mutum sama da dubu a lokaci ɗaya, 'yan tasi da kwandastoci suka yi mana ca, wannan ya ja jaka wancan ya ja hannu. Wani mai tasi ya ce in ba shi shilin 1,500, daidai abin da na biya tun daga Nairobi. Mzee ya kama hannuna ya ce, “Taho, ba a yi wa baƙo haka.” Ya sa ni cikin ƙaramar bas, matatu suke ce mata, tare da shi da matarsa, aka karɓi shilin 100. Muka kutsa cikin Changamwe, tireloli da tankoki gaba da baya, hayaƙi da ƙura, ga zufa. Wata tsohuwa a gefena da jikarta mara lafiya a cinya tana ta yi mata fifita da tikitin jirgi. Sai da muka haura awa kafin muka tsallaka gadar Makupa muka shiga tsibiri. Mzee ya nuna mini wata gadar jirgi da ake ginawa a gefe, ya ce so ake a haɗa sabuwar tasha da tsohuwa. Shekara bakwai ke nan da buɗe sabuwar.

Na sami ɗaki kusa da Mwembe Tayari, da fanka da gidan sauro, shilin 2,500 a kwana. Na haɗa Azahar da La'asar a masallacin unguwa, na ci biriyani da naman akuya, na kwanta. Mombasa gari ne da Bahaushe ba ya jin baƙunta a cikinsa: mata cikin baƙin lulluɓi, maza cikin farar jallabiya, a-daidaita-sahu ko'ina. Na zaga tsohon gari, na ga masallacin Mandhry na 1570 da ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka gina a 1593, Larabawan Oman suka ƙwace a 1698. Da yamma na zauna bakin ruwa a Mama Ngina ina shan ruwan ɗanyar kwakwa da soyayyen rogo mai barkono da lemon tsami, wani ƙaton jirgin ruwa maƙil da kwantena ya zo ya wuce ta gabanmu zai shiga Kilindini. Wannan mashiga mai zurfi ita ce dalilin komai. Ta nan kayan Uganda da Ruwanda da Sudan ta Kudu da gabashin Kwango suke shigowa, ta nan ganyen shayi da gahawa suke fita.

Da safe na taka da ƙafa zuwa tsohuwar tasha, a ƙarshen titin Haile Selassie. Ko minti ashirin ban yi ba. Ginin ba shi da tsayi, ba shi da wani ado, doguwar rumfa ce a kan dandamali. Na tarar ana aikin gyara, mai gadi ya bar ni na tsaya daga gefe. Tsofaffin taragai suna jere can baya, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa. Abin da na fi lura da shi kuwa kewayen ne: ga kasuwa, ga tashar motoci, ga masallaci, ga ɗakin ibadar 'yan Indiya, ga shagunan jikokin waɗanda dogo ya kawo, ga rumbunan ajiya da suka miƙe har tashar jiragen ruwa. Wannan ɓangaren garin ya tsiro ne a jikin tashar, duk wanda ya sauka a nan ya sauka cikin jama'a. Kuma dogon nan da ya ɗaukaka Mombasa shi ne ya rage mata matsayi. Ita ce hedikwatar Turawa ta farko, amma da layi ya kai tudu sai hukumar reluwe ta koma Nairobi, a farkon ƙarni na 20 gwamnati ma ta bi ta.

Ashe tarihin nan ya so ya maimaita kansa. Bayan Magariba na zauna wurin mai gahawa a tsohon gari, irin mai ɗaci da ake zubawa daga doguwar butar tagulla a ɗan mitsitsin kofi, ana haɗawa da alewa ko dabino. Na faɗa hira da wani magidanci mai aikin fitar da kaya daga kwastan. Da na yaba jirgin sai ya ajiye kofinsa. “Shehe, jirgin fasinja ba wanda ya ƙi shi. Na kaya ne ya so ya kashe mu.” Ya ce a 2018 aka fara jigilar kaya, sai gwamnati ta wajabta cewa kwantenar da za ta Nairobi da gaba a ɗora ta kan jirgi tun daga bakin ruwa, a je a tantance ta a tashar tsandauri ta Nairobi. Dalili a bayyane yake, bashi ne ake so a biya, fasinja kuma ba ya biyan bashin dogo. To amma a Mombasa tireloli suka tsaya, rumbunan ajiya suka rufe, makanikai da masu faci da masu sayar da abinci suka rasa ciniki, har garuruwan kan titi irin su Mariakani da Voi da Mtito Andei da ke ci da kwanan direbobi. Ya ce ofishinsu sai da ya sallami fiye da rabin yaransa. A 2019 duk Litinin sai an fito zanga-zanga. Sai a Satumbar 2022, da William Ruto ya hau mulki, ya ba da umarnin a mayar da aikin Mombasa, mai kaya ya zaɓi jirgi ko mota.

Ni dai a wajena jigilar kaya masu nauyi a kan dogo ita ce daidai. Duk wanda ya ga yadda tireloli ke cin titi da rayuka ba zai yi musun wannan ba. Amma ba a gyara da dare ɗaya a kan wuyan mutanen da ba a shawarta ba, ba a kuma tanadar musu wata madogara ba. Layin ma bai kai inda aka nufa ba: an ƙara kilomita 120 zuwa wajen Naivasha a 2019, daga nan kuɗi suka yanke, alhali ribarsa tana ga isa Uganda.

Duk wannan hira gida nake tunani. Mu ne ƙarshen tudu na irin wannan layi. Dogo ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama dala, fatu da auduga suka kama hanyar Ikko, Sabon Gari da kantuna suka tsiro a gefen tasha, reshe ya tafi Ƙauran Namoda, wani ya tafi Nguru. Yadda aka yi a Mombasa haka aka yi mana: an shimfiɗa shi don a kwashi amfanin ƙasa zuwa teku, talaka ya mayar da shi nasa, daga baya aka bar shi ya lalace. Yanzu ga sabon zamani ya zo da irin tsarinsa. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 a Rigasa yake tsayawa, a can kuma Idu. Na Ikko zuwa Badun a Moniya. Duk bayan gari. Na san dalili, fili a cikin gari tsada gare shi, rusau kuma fitina ne. Amma ana kan aikin Kaduna zuwa Kano, ana kan na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma Nijar ba ta da teku kamar yadda Uganda ba ta da shi. Tun yanzu ya kamata a tambaya: mai buhun wake a Dawanau ta yaya zai kai shi tasha? Matar da ta sauka da yara da dare, me zai kai ta Fagge ko Kurna? Tsohon dogon da ya ratsa cikin Kano da Zariya, me zai hana a gyara shi ya zama ƙaramin jirgi mai haɗa sabuwar tasha da cikin gari tun ranar buɗewa? Direbobin tirela da 'yan dako da 'yan kamasho, wa ya zauna da su? Waɗannan tambayoyi sun fi siffar gini muhimmanci, kuma amsarsu ta fi araha idan an ba da ita kafin a zuba kankare.

A dawowa jirgin ƙarfe 3 na shiga. Tun ƙarfe 12 na bar masauki saboda cunkoson Changamwe, aka sake jera jakunkuna, kare ya sake bi. Wannan karon ba tsaye-tsaye, duhu ya same mu bayan Tsavo, ƙarfe 8 da 'yan mintoci muna Syokimau. A nan ƙaramin jirgi yana jira a kan tsohon dogo, shilin 50 ya kai mu tsakiyar Nairobi. Mombasa ma a 2025 ta sami nata: an gama gadar Makupa ta jirgi, an gyara tsohuwar tasha, ƙaramin jirgi yana ɗaukar fasinja daga Miritini zuwa cikin tsibiri.